Yadda Aka Jawo Maganar Ilu Daga Rijiya

"Ga ta nan, ga ta nanku, masu maiƙon tuwo a baki."

"Ta zo mu ji ta, Kaka."

To ku matso. Kai Lawandi, sauke ƙafarka daga kan tabarmata. Wanda ya katse ni, gobe shi zai yi mana tatsuniya.

Wani mutum ne ana ce da shi Ilu, a wani gari wai shi Tungar Baure. Sana'arsa haƙar rijiya. Ƙaƙƙarfa ne, damtsensa kamar taɓarya. Ba ya tsoron duhu, ba ya tsoron kunama, ba ya tsoron zurfi. Abu ɗaya yake tsoro a duniyar nan, idon mutane.

In mutum ɗaya ne, Ilu zai gaishe shi lafiya lau. In biyu ne, zai gaishe su yana duban yatsun ƙafarsa. In suka kai uku, to shi ke nan. Sai gwiwoyinsa su fara gaisawa da juna, ƙwas ƙwas ƙwas. Sai harshe ya manne a ganɗa. Sai gumi ya keto masa har tafin ƙafa.

Amma ku bari ya shiga rijiya ku ji. Can ƙasa babu ido ko ɗaya, sai ɗan haske zagaye a sama kamar faifai. Nan bakin Ilu yake buɗewa. Ya yi hira, ya yi waƙa, ya yi wa diga faɗa, ya yi wa guga nasiha. Matarsa Tabawa ma daga can ƙasa ya nemi aurenta. Ta zo ɗiban ruwa yana yashe rijiya, ta ji wata murya mai daɗi tana tasowa, ta tsaya har tulunta ya bushe. Ranar da aka ɗaura aure ya fito sarari ya ga taron biki, kwana bakwai tana jiran ya ce mata sannu.

Sai wata shekara ruwa ya ƙi. Rijiyoyin gari suka ƙafe ɗaya bayan ɗaya. Aka haƙa sabuwa a gabas, babu. Aka haƙa a yamma, babu. Aka haƙa a bayan kasuwa, sai ƙura. Mata suna fita da asuba neman ruwa, sai azahar su dawo da rabin tulu. Sai mai gari ya ce, "Mun gaji. Ranar Laraba a taru a gindin tsamiya a yi addu'ar bankwana. Alhamis kowa ya ɗaura kayansa, mu bar garin nan."

Shi kuwa Ilu, yana can gindin wani tsohon baure a bayan gari yana haƙa tasa shi kaɗai. Bai nemi taimakon kowa ba, don neman taimako sai da baki. Yana ƙasa yana sara, Tabawa tana sama tana kora jakinsu ya ja igiya. Kullum in ta leƙa sai ta ce, "Maigida, yau me ƙasa ta ce?" Shi kuma ya yi ta zuba har kunnenta ya yi zafi.

Ran nan, ranar Asabar, ya kai gaba goma sha biyu. Tabawa ta leƙa.

"Maigida, yau me ƙasa ta ce?"

"Ta ce ruwa, Tabawa. Yashi ya yi sanyi. Kwana uku ya rage. Amma akwai wani dutse a kwance, ni da ke da jaki ba mu iya fid da shi. Sai maza goma sun kama igiya."

Tabawa ta ƙulle yashin a bakin zanenta, ta ruga gidan mai gari. Mai gari ya taɓa yashi, ya girgiza kai.

"'Yar nan, kowa yana iya jiƙa yashi. Sau uku ana gaya mana haka, sau uku muna cin ƙura. Wanda ya gani da idonsa ya zo ranar Laraba ya faɗa da bakinsa a gaban jama'a. In sun yarda, mu zauna. In bai zo ba, Alhamis tana nan."

Da Ilu ya ji, sai ya zauna daɓas a ƙasa.

"Mutum nawa ne a garin nan, Tabawa?"

"Za su kai ɗari uku."

"Ido ɗari shida ke nan."

"Ban da ɗaya. Cindo wanzami ido ɗaya gare shi."

"Wannan bai rage komai ba."

Ya so ya ce a tafi kawai. Amma ya dubi ɗakin da ubansa ya gina, ya dubi kushewar uwarsa can gefen gona, sai hankalinsa ya tashi. Ba ya son barin garin nan, ko kaɗan ba ya so. Sai ya ce, "To, kwana uku gare ni. Bari in je in koyo magana."

Ranar Lahadi sai ya tafi wurin Gagare sanƙira, mai shelar gari, wanda in ya yi kira a kasuwa kaji suke daina ƙwai. Ilu ya same shi shi kaɗai, ya faɗa masa damuwarsa.

Gagare ya ce, "Wannan ai ƙaramin abu ne. Magana maƙogwaro ce. Ga yaji nan, citta da masoro da barkono ɗan munci. Ka lasa, ka cika ƙirji da iska, ka saki."

Ilu ya koma gida. Tabawa ta tara masa awakin unguwa guda tara a bayan danga, ta ce, "Ga jama'a." Ilu ya tsaya. Awaki suka ɗago kai suna tuƙa, suka zuba masa ido. Sai gwiwoyi suka fara, ƙwas ƙwas ƙwas. Sai ya ce bari ya ƙara magani, ya kamfaci yaji da tafin hannu ya watsa a baki. Ya cika ƙirji da iska. Ya buɗe baki zai ce "Jama'a", sai atishawa ta riga shi.

Atishawa ɗaya, awaki suka tsallake danga. Ta biyu, suka faɗa shanyar kuɓewar maƙwabciya. Ta uku, jaki ya tsinke. Ilu ya yi atishawa arba'in ba ɗaya, Tabawa tana ƙirgawa tana riƙe da ciki.

"Maigida, murya dai ta fita. Saura magana."

Ranar Litinin sai ya tafi wurin Cindo wanzami. Cindo ya dafa kan Ilu, ya juya shi hagu, ya juya shi dama, ya dube shi da idonsa ɗaya.

"Gagare bai san komai ba. Magana kwarjini ce. Tsoro a gashi yake kwana. Zauna."

Ya yi masa aski ƙwal. Ya kafa masa ƙaho biyu a ƙeya. Sannan ya ɗauko wani rawani na kakansa, kamu ashirin, ya yi ta naɗawa, ya yi ta naɗawa, har kan Ilu ya kai girman masaki.

"Yanzu su ne za su ji tsoronka."

Ilu ya koma gida yana tafe a hankali kada kai ya rinjaye shi. Tabawa ta ce, "Awaki sun yi yaji, sun ce ba su ƙara zuwa taronka." Sai ta jera masa tuluna goma sha biyu a tsakar gida, dama duk babu ruwa a ciki. Ta shafa wa kowanne ido biyu da gawayi. Ilu ya tsaya a gabansu. Ya gyara rawani. Ya yi gyaran murya. Ya ce, "Jama'a."

Kai, har ya ji daɗi, kalma guda ta fita lafiya. Sai iska ta taso ta bi ta bakin tulunan nan. Kun san yadda wofin tulu yake yi in iska ta busa shi. Sai duk suka ɗauka, huuu, huuu.

Ilu ya ce, "Tabawa, ihu suke yi mini."

"Tuluna ne, Maigida."

"Ku yi haƙuri, ku yi haƙuri," in ji Ilu, yana durƙusa wa tuluna. Ya juya zai gudu, jelar rawani ta sarƙe wuyan babban tulu. Ya ja, tulu ya biyo shi. Ya ƙara gudu, tulu ya ƙara gudu. Suka zaga tsakar gida sau uku, shi da tulu, kafin turmi ya raba su. Tulu ya fashe, Ilu ya kwanta.

Ranar Talata sai ya tafi wurin Baba Ɗari, tsohon da ba a taro sai da shi. Shi ne in ya fara gaisuwa da hantsi, azahar take samunsa a kan lafiyar kaji.

Baba Ɗari ya ce, "Yaro, waɗancan sun ɓata maka lokaci. Magana gaisuwa ce. Ka gai da mai gari. Ka gai da liman. Ka gai da na'ibi, da ladan, da sarkin noma, da sarkin pawa, da sarkin maƙera, kowa da kirarinsa. Talatin da uku ne. Ka haddace su a jere. In ka tsallake ɗaya, ka koma farko."

Ilu ya haddace har kansa ya yi zafi. Tabawa ta watsa tsaba, zabi suka taru. Ilu ya fara. Ya kai na bakwai, wata zabuwa ta yi kuka, ya ɓace, ya koma farko. Ya kai na goma sha tara, zabi suka kaure da faɗa, ya koma farko. Ya kai na talatin da biyu, saura ɗaya tak, sai jaki ya yi kuka. Rana ta faɗi, zabi suka hau bishiya, Ilu bai kai ga kalmar ruwa ba.

Tabawa ta daina dariya. Ta dube shi, ya ba ta tausayi.

"Maigida, cikin duk abin da suka koya maka, wa ya tambaye ka me za ka faɗa?"

"Babu."

"To."

Ta tashi ta kawo masa tuwo.

Laraba ta zo. Gari duk ya hallara a gindin tsamiya, maza a gaba, mata a baya, yara a kan rassa. Wasu har sun ɗaure tabarminsu. Sai ga Ilu, yaji a aljihu, rawani a ka, gaisuwa talatin da uku a baki. Mai gari ya ce, "Ilu yana da magana. Bismilla."

Ilu ya miƙe. Ya ɗaga kai. Ido ɗari shida ba ɗaya suka sauka a kansa.

Ƙwas ƙwas ƙwas. Har na bayan layi suna jin gwiwoyin.

"Ranka," in ji Ilu. "Ranka. Ranka."

"Ya daɗe," wani ya ƙarasa masa daga baya.

Gagare ya yi masa alama da hannu, yaji, yaji. Ilu ya lasa. Sai atishawa. Atishawa ta girgiza rawani, rawani ya zame ya rufe masa fuska har haɓa. Daga cikin rawani aka ji yana cewa, "Ina gai da sarkin liman, da na'ibin pawa, da ladanin maƙera." Baba Ɗari ya ɗaga sanda, "Koma farko, koma farko."

Wuri ya kaure da dariya. Mutanen da suka yi wata uku ba su yi murmushi ba, ga su suna birgima. Wani yaro ya faɗo daga reshe. Ilu ya cire rawani ya yar, ya zura da gudu. Bai tsaya ko'ina ba sai gindin baure. Ya kama igiyar da ke ɗaure a jikin bishiya, ya zurara suuu har ƙasa, ya zauna a kan guntun icen da ke ƙulle a bakin igiyar, wanda ake jawo shi a kai in ya tashi aiki. Ya haɗa kai da gwiwa. Kunya ta ishe shi, ya ji da ma ƙasar ta rufta da shi.

Can gindin tsamiya mai gari ya share hawayen dariya, ya ce, "To, Allah ya saka masa, ya ba mu dariyar bankwana. Liman, a yi addu'a. Gobe tafiya."

Sai Tabawa ta miƙe daga cikin mata.

"Ranka ya daɗe, bai gama ba. Ya tafi inda ya ajiye bakinsa ne. A biyo ni a ji sauran. Roƙona ɗaya, kada wanda ya yi ko tari."

Mutane suka ce ai ko don ƙarin dariya a je. Suka bi ta, saɗaf saɗaf, gari guda yana sanɗa kamar masu kamun kaza. Suka kewaye rijiya. Tabawa ta kwance igiya daga jikin baure, ta zaɓi maza goma ta danƙa musu, har da Gagare da Cindo. Ta sa yatsa a baki. Sannan ta leƙa.

"Maigida, yau me ƙasa ta ce?"

Sai murya ta taso daga ƙasa, tangaram, kowa yana ji.

"Ta ce ni sakarai ne, Tabawa. Ga ruwa a ƙarƙashin ƙafata, na kasa faɗa. Yashin nan ranar Asabar sanyi kawai yake, yau in na matse shi sai ya dunƙule. Bari in damƙo miki ki gani. Ga kuma saiwar baure nan fara sol, ta biyo ni tun daga sama. Shekara uku ba ruwan kirki, kin ga ganyen bauren nan ya bushe? Wa yake shayar da shi? Ai ba mai gari ba ne."

Mai gari ya taɓa gemu. Mutane suka dubi baure, ga shi kore shar. Kullum suna wucewa ta gabansa, ba wanda ya taɓa lura.

Tabawa ta yi wa maza goma alama. Suka ja a hankali, gaba huɗu.

"Yauwa, ɗan ja ni, in nuna miki," in ji Ilu. "Tsaya nan. Kin ga yumɓun nan baƙi? Shi ne murfi. Rijiyar gabas da ta yamma duk a kansa suka tsaya, suka ce ƙasa ta ƙare. Ba ƙarewa ta yi ba, rufewa ta yi. Ubana ya gaya mini in ka ga baƙin yumɓu kada ka ajiye diga. Wai Tabawa, me kika ba jakin nan yau? Ja yake yi kamar mai hankali."

Gagare ya ciji hannun rigarsa. Cindo ya rufe idonsa ɗaya, kafaɗunsa suna rawa. Tabawa ta harare su, ta ce, "Dusa ce, Maigida. Ci gaba." Suka ƙara ja, gaba huɗu.

"Tsaya nan kuma. Ga marmara. Dubi hanyar gara, ta huda marmara ta yi ƙasa. Gara ba ta gini da busasshiyar ƙasa, Tabawa. Surin da ke bayan bauren nan kullum da sabon gini yake kwana, jiƙaƙƙe. A ina take samo ruwan? Ita ba ta zuwa rafi da tulu. Na bi hanyarta gaba goma sha biyu, ba ta karkace ba ko sau ɗaya. Ƙwaro ya san akwai ruwa, bishiya ta sani, mu masu rawani za mu ɗaura kaya mu bar shi."

Yanzu babu mai dariya. Wata tsohuwa ta fara share ido da gefen mayafi. Tabawa ta ɗaga hannu, maza goma suka ja sauran.

Shi kuwa Ilu magana ta ɗauke shi, idonsa yana kan bango, yana nuna jar ƙasa, yana nuna tsakuwa. "Kuma kin san abin da ya fi ci mini rai? Ba wani abu mai yawa nake nema ba. Da na iya tsayawa a gabansu, da sai in ce musu, jama'a..."

Sai ga kansa a waje. Sai ga ƙafarsa a bakin rijiya. Sai ga gari guda.

Ƙwas ƙwas ƙwas.

Ilu ya dubi rami, kamar ya koma. Tabawa ta taka igiya da ƙafa. Ya dubi mutane, ido ko'ina. Harshe ya fara neman ganɗa. Don tsoro sai ya damƙe hannunsa da ƙarfi, ya manta da yashin da ya ɗebo. Sai wani ɗigo ya fito ta tsakanin yatsunsa, ya faɗa a kan ƙafar mai gari, ɗis.

Ilu ya dubi ɗigon. Ya buɗe hannu ya dubi yashin. Wannan dai ya san shi. Gwiwoyi ba su daina ba, amma ya bar su suna ta gaisuwarsu, ya ɗago kai.

"Ranka ya daɗe. Jama'a. Akwai ruwa. Kwana uku. Dutse ne ya tare, maza goma nake nema su kama mini igiya."

Mai gari ya ce, "Juya ka ƙirga."

Ilu ya juya. Ga su nan a jere, igiya a hannu, gumi a goshi, ɗaya, biyu, har goma.

Gagare ya ce, "Jakinka yana gaishe ka, Ilu. A ƙaro dusa."

Nan fa dariya ta ɓarke, mata suka rangaɗa guɗa, har Ilu ya yi dariya a gaban mutum ɗari uku, abin da bai taɓa yi ba tun da aka haife shi. Ranar Alhamis ba wanda ya ɗaura kaya. Juma'a dutse ya fito. Asabar da hantsi Tabawa ta leƙa ta ce, "Maigida, yau me ƙasa ta ce?" Sai guga ya taso cike da ruwa yana zuba.

Daga ranar, in ana taro akan ce Ilu ya tashi ya yi magana. Gwiwoyinsa ba su taɓa dainawa ba har ya tsufa, yara ma suna yi musu tafi. Sai dai kullum yana tafe da ɗan yashi a aljihu. In ido ya yi masa yawa, sai ya damƙa, ya faɗi abin da ya sani, ya zauna. Baba Ɗari ne kawai bai yafe ba, yana cewa har yau ana bin Ilu gaisuwa talatin da uku.

Ƙurunƙus, kan ɗan kusu ya faɗa rijiyar Ilu. Ranar da aka tsayar da ku a gaban mutane, ku bar gwiwa ta yi rawarta, ku dai ku riƙe abin da kuka sani ku faɗe shi yadda kuke faɗa wa na gida. Kai Lawandi, ka katse ni sau biyu da dariya, gobe kai ne a kan tabarma.